Sarewar Jamus

Kakata ba ta taɓa yarda cewa Jamus ƙasa ce ba. A wurinta wani tsohon maƙeri ne da ke zaune a kan dutse can bakin teku, shi kaɗai.

Shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, ni da ita ne kawai a gidanta na Kontagora. Innata ce ta ba ta ni don in ɗebe mata kewa, domin ɗan Kaka namiji tilo, Kawu Audu, ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce mata ya mutu. Bayan magariba takan tura rogo cikin garwashi, ta miƙe ƙafa. Hausarta ta kasuwa ce, in labari ya yi zafi sai Kambarci ya kutso.

"Ga wata nan ta fito daga cikin toka," in ji ta. "Matso, kada ta huce."

Wai Jamus yana da 'ya'ya masu tashi sama cikin duhu, kullum suna ɓata. Sai ya ƙera ƙarafa biyu da suka fi giginya tsawo, kowanne da sarewa a kansa. In yaro ya karkata hagu, sai ya ji fit-fit-fit. In ya karkata dama, sai ya ji fiii, fiii. In muryoyin suka haɗu suka zama ɗaya, to yana kan hanyar gida, ko da idonsa a rufe.

"Kaka, in yaron bai zo ba fa?"

"Sai a ƙara busawa. Wa ya ce wa tsoho ya daina?"

Daga nan ba ta ƙarasawa. Takan tashi ta tsaya a bakin zaure tana sauraron motocin da ke shigowa gari, ni kuwa in zauna da rogona ina jin haushi, ga tsoro, ga tausayinta.

Ta rasu kafin in gama makarantar horon malamai. Shekarar da aka ba mu Jihar Neja, na ci karo da hoto a wata tsohuwar mujalla a makarantar da nake koyarwa: daɓen siminti mai zagaye, guntayen ƙarfe sun yi tsatsa, tumaki na kiwo a gefe. An rubuta cewa kufan tashar rediyo ce da sojan Jamus suka gina don nuna wa jiragensu hanya, kuma yawanci hanyar garuruwan da za a zuba wa bam ce. Nan take na gane ƙarafan tatsuniyar Kaka.

Na ɗauki mujallar na kai wa Saje Bawa, wanda suka tafi yaƙi tare da Kawu, ya kuma yi wa Turawa aikin wayar iska. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ni na ba kakarka labarin nan, ɗana. A bakin Turawa na ji shi." Ya share ido da hannun riga. "Da hannuna na binne Audu a ƙasar Bama. Na je in faɗa mata, ta kawo mini ruwa ta ce, 'Yana bayanka?' Sai na ji bakina yana zancen ƙarfen Jamus."

"Baba, kana nufin har ta mutu ba ta sani ba?"

"Oho. Amma daga ranar ba ta ƙara tambayata Audu ba. In mun haɗu a kasuwa, cewa take, 'Bawa, tsohon nan yana nan yana busa?' In ce mata yana nan."

Na daɗe ina ganin Saje ya cuce ta. Yanzu da na kai shekarunta, na daina. Ina jin tun a ƙoƙon ruwan nan ta karanta fuskarsa, ta gane. Abin da take roƙonsa kawai shi ne kada ya faɗa.