Ƙafar Saniya a Ƙeya

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina naushin iska, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ni mahauci ne, teburina yana layin 'yan nama a Babbar Kasuwar Katsina. Wanda ya ɗora ni a kan naushin iskar nan kuwa Kawuna ne, yayan Innata, tsohon ɗan dambe da ke zaune a Ƙofar Durbi.

A zamaninsa Kawu ya yi tashe. Ni ban ga wasansa ba, ya ajiye zaren dambe tun ina rarrafe, amma na ga yadda tsofaffin mahauta ke gyara zama idan ya shigo kwata. Ina da shekara sha bakwai na same shi na ce ya koya mini. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce in je in gaya wa uwata. Inna tana tankaɗe ta saurare ni har na dasa aya, sannan ta ja mayafi ta nufi Ƙofar Durbi, ko garin hannunta ba ta kakkaɓe ba. Abin da suka tattauna da yayanta, Allah masani. Da ta dawo ta ce, "Yaya zai koya maka a cikin gida. Amma ranar da ka sa ƙafa a fage, ban yafe ba." Maganar uwa ba a yi mata kwana. Haka na zama ɗan damben da ba shi da abokin karawa.

Kullum bayan la'asar, in na tashi daga kasuwa, sai bayan ɗakin Kawu, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Da sandarsa yake zana da'ira a ƙasa in shiga. Hannun hagu a gaba, a buɗe, shi ne garkuwa. Na dama a baya, a dunƙule, shi ne mashi. Ƙafar hagu ta tafi, ta dama ta biyo, kada su kuskura su haɗu. Taku uku gaba, biyu baya, ka kauce, ka duƙa, ka saki hannu, kuma daga kwankwaso yake fitowa, ba daga kafaɗa ba. Wata uku na yi a kan tafiyar ƙafa kaɗai kafin ya yarda in dunƙule hannu. Na yi fushi, na yi ƙunƙuni, shi ko a jikinsa.

Akwai kuma abin da ake rufewa da shi. A dambe, da zarar gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa, wasa ya ƙare, ba a ƙara masa. Wanda ya kayar sai ya janye hannu, ya juya, ya nufi wajen makaɗa. Mu ba mu da makaɗa, sai wata randa a jikin katanga. Don haka duk sanda na saki hannu, sai in ɗauka mutumin ya zube, in juya in taka zuwa randa. In na ɗan tsaya ina kallon inda ya faɗi, wanda babu kowa sai ƙasa, sai in ji sanda a ƙwaurina.

"Mi kake jira?" in ji Kawu. "Gadonshi za ka ci? Juya!"

Wallahi na so abin nan. Mutum ya yini a tsaye yana sara, yana ciniki da masu cewa a ƙara musu tsoka a cire ƙashi, kamar saniyar da ƙashi ba Allah ya halicce ta ba, sai ya shiga da'irar nan ya ji kansa ya yi sakayau. Da na yi aure na koma unguwar Kambarawa ban bari ba. Na zana tawa da'irar a tsakar gida. Uwar 'ya'yana tana shanya takan leƙo ta ce, "Maigida, yau kuma wa aka kayar?" In ce mata wani ƙato ne daga Kudu. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri. Duk Juma'a kuma in je Ƙofar Durbi in yi a gaban Kawu, ya gyara mini abin da ya karkace.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Maƙwabcin teburina, mai sayar da kayan ciki, mutumin kirki ne amma bakinsa ba linzami. Tun ranar da ya ji labarin da'irata ya samu abin yi.

"Rawa ce," yake cewa. "Rawar Kawunka. Faɗan gaske wa zai zana maka da'ira? Wa zai jira ka gyara ƙafa? Kai da ko akuya ba ka taɓa nausa ba."

Da ni kaɗai yake taɓawa da sauƙi. Wata rana Kawu ya zo karɓar nama, lokacin ƙafafunsa sun fara nauyi, sai mutumin nan ya ɗaga murya ya ce ga malamin rawa ya iso. Wasa yake yi, na sani. Kawu ya yi kamar bai ji ba, ya karɓi ledarsa ya yi mana sallama. Amma daga ranar bai sake takowa layinmu ba, sai dai in kai masa gida. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na riƙa roƙon Allah, kafin tsohon nan ya bar duniya, in samu abin da zan kai masa in ce ga shi, abin da ka koya mini ba rawa ba ne. Matsalar ita ce ni kaina ban sani ba. Wanda bai taɓa shiga ruwa ba ina zai san ko ya iya iyo?

Ranar da abin ya zo ban shirya mata ba. Wata Laraba ce, rana ta take, ana dab da kiran azahar. A bakin layinmu akwai wata tsohuwa mai daddawa da kuka, ta girmi Innata. Sai ga wani ƙato a kan babur ya kutso inda ko baro da ƙyar yake wucewa, ya kwashe farantinta, daddawa ta watse a ƙasa. Tsohuwa ta riƙe bayan babur ɗin ta ce, "Haba ɗana, dubi abin da ka yi mini." Maimakon ya ba ta haƙuri, sai ya sauko ya hankaɗe ta ta faɗi zaune.

Wuƙa uku ce a gabana da gatari. Ko tuna su ban yi ba. Na ajiye wadda ke hannuna, na goge hannu a riga, na zagayo. Na ce, "Kai, ɗaga ta ka ba ta haƙuri." Ya ce in ba haka ba fa? Kafin in ba shi amsa ya yo kaina yana wurga hannuwa kamar mai korar zuma.

Abin da ya faru daga nan ba ni na yi shi ba, jikina ne. Na ga hannuna na hagu ya miƙe a buɗe ya tare na farko. Na ji ƙafata ta ja baya, na duƙa, na biyu ya wuce ta saman kaina. Sai kwankwasona ya juya. A karon farko a rayuwata mashina, wato hannun daman nan, ya samu abin da ba iska ba. Ƙaton nan ya tafi luu, ya dafa ƙasa da hannu biyu da gwiwa. Layin 'yan nama ya ɗauki ihu.

Ni kuma na janye hannu, na juya, na kama takawa. Ina za ni? Oho. Akwai wani duron ruwa na masu wanke kayan ciki a can gefe, ina jin shi na nufa. Taku uku na yi. Na huɗun ban san inda ya sauka ba.

Na farka ana kwara mini ruwan leda a fuska. Ashe da na ba shi baya, mutumin ya miƙe, ya lalubi teburina, ya ɗauki ƙafar saniya, tawa, wadda na babbake da hannuna da safen nan, ya sauke mini a ƙeya. Kafin mutane su farga ya haye babur ya tsere. Ɗinki biyar aka yi mini. Maƙwabcin nan nawa shi ya ɗauke ni zuwa asibiti, rigarsa duk jinina, yana ta salati. A ranar bai tsokane ni ba, wannan kam na yaba masa. Washegari da ya zo dubiya ya zauna ya gaishe ni da jiki, sai abin da ke bakinsa ya ci ƙarfinsa.

"Naushin dai ya yi," ya ce. "Na janye rabin maganata. Amma don girman Allah, wa ya aike ka shan ruwa?"

Har yau 'yan layinmu ba su daidaita ba. Rabi suna cewa abin Kawu gaskiya ne, sun gani da idonsu. Rabi suna cewa wanda aka kwasa a ƙasa ai shi aka ci. Ni kuwa a kwanakin nan haushi ne ya cika ni, kuma Kawu nake jin haushi. Na ce a raina, shekara ashirin tsohon nan yana dukan ƙwaurina don in koyi ba maƙiyi baya. Ga kunya kuma. Abin da na yi ta roƙo in kai masa ya zo, amma ya zo da bandeji a ka. Juma'a ta zo ta wuce ban je Ƙofar Durbi ba.

Ta biyun na daure na je da hantsi. Na same shi a zaure a kan buzu, ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi Innata, ya tambayi jiki. Labari ya riga ni zuwa, a Katsina ba a ɓoye irin wannan.

"An ce ka juya," ya ce.

"Na juya, Kawu." Sai bakina ya kuɓuce. "Ai kai ka koya mini. Da na tsaya a kanshi da duk haka ba ta faru ba. Yanzu ga shi an mai da ni abin dariya a kasuwa, har da kai a ciki."

Ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ga ya cire hularsa ya ajiye a cinya, ya duƙo da kai, ya kamo yatsana ya ɗora a ƙeyarsa. A ƙarƙashin furfura na ji wani tabo, dogo, ya fi nawa nesa ba kusa ba.

"A tashar mota," ya ce. "Muna dawowa daga wasa a wani ƙauye, bayan kaka. Wani ɗan tasha ya zagi ubana. Na kayar da shi, na juya. Ƙarfen taya ya ɗauka. Kwana biyu ban san wanda ke kaina ba."

Na ce, "Kawu! Ashe ka sani? Ka sani ka bar ni?"

"Na sani mana. Da ka fara ƙarfi na yi ta tunanin in cire maka juyawar nan. Na kwana biyu ina auna abin." Ya mai da hularsa ya gyara mata zama. "Hannun da na ba ka, in mutum na ƙasa ka ƙara mashi na biyu, ba asibiti za a kai shi ba. Kai kau mahauci ne, kullum wuƙa na gabanka, ga zuciya irin ta uwarka. Sai na zaɓa maka ɗinki."

Haushin da na ɗauko tun daga Kambarawa na neme shi na rasa. Idona ya kawo ruwa, na yi kamar ɗinkin ne ke yi mini zafi.

Yanzu in wani ya tambaye ni ko irin wannan koyo yana shirya mutum ga faɗan gaske, sai in ce yana shirya shi, kuma yana jawo masa ƙafar saniya, duka biyun a lokaci guda. Wanda yake so a ba shi ɗaya ban da ɗaya sai ya nemi wani malamin. Ni dai na gode Allah da nawa.

Can dai, a zauren nan, Kawu ya yi gyaran murya, bai dube ni ba, yana wasa da bakin buzu.

"Shi ƙaton," ya ce, "da duka nawa ya kai ƙasa?"

"Ɗaya, Kawu."

"Ɗaya?"

"Ɗaya tak."

"Daga kwankwaso?"

"Daga kwankwaso."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa hannu ya shafa gemu. Sannan ya jawo matashi ya jingina, ya lumshe ido.

"Faɗa mini tun daga farko," ya ce. "Daga inda ka aje wuƙar. Kar ka yi sauri."

Sau uku na ba shi labarin kafin a yi kiran sallar Juma'a.