Kaset ɗin rakiyar Ishaya

Shekara talatin da tara ke nan da muka binne ƙanena Ishaya a wata maƙabarta da ke bayan garin Landover a Amurka, kuma har yau ban sauya ra'ayi a kan kiɗan da yake ji ba. Ƙazanta ne. Na faɗa masa yana raye, ina kuma maimaitawa yanzu da furfura ta cika mini kai, don kada wani mai karatu ya ɗauka tsufa ya sa na yi laushi.

Ni na ɗauko shi daga ƙauyenmu na Filato a tsakiyar shekarun tamanin. Ina aikin nas a wani asibiti a Washington, shi yana karatun haɗa magunguna, muna zaune tare a hawa na uku na wani bene. Ishaya mai ciwon sikila ne. Tun yana ɗan shekara bakwai ake kiran fasto ya yi masa addu'ar ƙarshe, washegari ya tashi ya nemi kunu. Na yi zaton idan ya zo ƙasar likitoci zai huta da zancen mutuwa. Sai ga shi ya je ya nemo mutanen da suka mai da mutuwa abin rawa.

Gotik suke kiran kiɗan. Ganga mai nauyi kamar ana daka a ɗakin ƙasa, jita tana kuka, mawaƙi kuma muryarsa kamar daga cikin rijiya. Waƙoƙin ba sa wuce kabari da akwatin gawa da jemagu da tsutsa. Abokansa Turawa ne, samari da 'yan mata, baƙaƙen kaya ko ana zuba zafi, fuska fara fat da hoda, leɓe baƙi ƙirin. Ranar da na fara tarar da su a falona, saura kaɗan in kama hannun ɗaya in ji ko jini na gudu. Sun gaishe ni da ladabi, ban musa ba. Sun kuma cinye mini tuwo da miyar kukar da nake ta lallaɓawa.

Amma ba ƙarar ce ta fi ƙona mini rai ba, dariyar ce. Ni da hannuna nake rufe idon mamata a wurin aiki, in dawo gida in tarar da mutum kwance da ledar ruwan zafi a gwiwa, yana ƙyaƙyata dariya wai gawa ta yi ba'a. Wata rana na kasa daurewa.

"Ishaya, kana da hankali kuwa? Mutuwar ce abin dariya?"

Ya ce, "Yaya, ke a wurin aiki kike ganinta, ki gama shif ki baro ta can. Ni ɗaki ɗaya muke kwana tun ina yaro. In ban tsokane ta ba, wa zan tsokana?"

Cewa na yi ya rage murya, maƙwabta suna ji.

Da sanyi ya shigo a shekararsa ta uku, ciwon ya kama shi a ƙirji, kwana huɗu ya tafi. Kai gawa gida bai yiwu ba. Mama kuwa ba ta karatu, kaset ne wasiƙarmu: mu yi magana a ciki mu ba matafiyi, ta saurara, ta ɗora tata amsar a kan wannan kaset ɗin ta dawo mana da shi. Don haka dattawan ikilisiya suka ce a ɗauki sujadar jana'izar gaba ɗaya a aika mata, ta ji yadda aka sallami ɗanta.

A ɗakin taron da muke aro a ƙarƙashin wata majami'a a Greenbelt aka yi sujadar, ranar Asabar da rana. Ba mu da mai buga ogan, abin kiɗan nan na coci. Baba Yohanna, dattijonmu mutumin Kaduna, ya tambaya ko akwai kaset na waƙoƙin coci da za a sa lokacin da jama'a ke wucewa gaban akwati. Na ce akwai. A cikin durowar Ishaya na tsinci wani, an rubuta da hannunsa: "Waƙoƙin rakiya, a sa ranar." Da na gani sai da na yi kuka, na ce ashe yaron nan ya dawo hanya ban sani ba. Ko saurara ban yi ba na miƙa.

Da ogan ya fara, a hankali, mai daɗi. Kowa ya sunkuyar da kai. Matan zumunta har sun soma gunguni suna laluben wace waƙa ce. Sai ogan ya yi ƙasa, muryar Ishaya ta fito tar da Hausa: "Sannunku da zuwa. Yaya, saki fuskarki. Zan riƙa fassarawa saboda Mama." Mawaƙin rijiya ya ɗauka, Ishaya yana bin sa. Wai gawa ce ke ƙorafi akwatin ya matse mata kafaɗa, wai wanda ya fi kowa kuka idonsa na kan tukunya. Sai dariyar nan tasa, mai ƙarewa da tari.

Wata mata ta ƙwala ihu ta kira sunan Yesu. Ni na fizge wayar daga bango.

Da aka tashi, Baba Yohanna ya ja ni gefe. Ya ce, "'Yata, wannan ba zai je gida ba. In aka ji a ƙauye, cewa za a yi yaron ya shiga ƙungiyar asiri a Amurka, ita ta ci shi. Ke kina nan, mahaifiyarku ce za ta zauna da maganar." Bai yi ƙarya ba, na san bakin mutanenmu. Yana wannan magana, a bayanmu waɗanda suka gama toshe kunne suna tsaye a kan tebur, ana cacar baki kan wa ya kwashe kaza, ana naɗe shinkafa a leda.

Washegari da safe na goge wurin daga kaset ɗin sujada, kamar yadda aka ce. Abin da ba wanda ya sa ni shi ne na biyu. Na ɗauko kaset ɗin Ishaya, na liƙe ramukansa da salatif don a iya ɗaukar wani abu a kansa, na ɗora waƙoƙin zumunta a kai, gaba da baya. Haushi nake ji ya kunyata ni a gaban mutane. Minti uku kawai na ji daga ciki. Abin da ya faɗa a sauran, ni da ku ɗaya muke.

Yanzu idan na je jana'iza a nan, nakan tuna shi in ji wani ɗaci. An buga fuskar mamaci a riga da kofi da maficin leda, an yi anko, kowa ya ɗaga waya a kan akwati yana neman wurin da haske ya fi kyau. Mu da muka ce kiɗansa rashin kunya ne, ga abin da muka koma. Da yana nan da ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi, ni kuma da na ce ya yi shiru, don halina bai canza ba.

Amsar Mama ta iso bayan wata biyu. Ta yi godiya ga fasto da dattawa, ta ce sujada ta yi kyau. Ina jin kaji a bayanta. Ta ce, "Rifkatu, na yi wauta. Duk maganar da yaron nan ya aiko mini, tawa na ɗora a kai. Ki duba cikin kayansa, ko tarinsa ne, ki aiko mini in riƙa ji."

Sunan Ishaya yana nan da tsabta a ƙauyenmu. Yaron kirki ake cewa, ya rasu cikin bangaskiya, kuma ni na tsare masa wannan. Shi ne abin da ya rage, kuma ban san ko shi ya so a rage masa ba. Mama ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Sau huɗu na je gida, kuma kowane zuwa, bayan an watse, takan kama hannuna ta ce, "Kin dai duba da kyau?"

Nakan ce mata na duba.