Inda Taɓarya Ke Tsayawa

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma a Damargu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar. Da nake gida abin bai dame ni ba, tunda kullum ina ganin Inna. Sai da na bar Ollelewa na koma Tanut da sana'ata ta dukanci, lokacin da gari ya fara cika saboda barikin Nasara, sannan abin ya soma ci mini rai.

Ƙanwata ce ke aiko mini da labarin gida, ta bakin wani dattijo mai yawon kasuwanni da jakinsa yana sayar da kanwa. In ya iso rumfata ya sha ruwa, sai ya juye mini kayan labari, don ƙanwar nan tawa bakinta ba ya gajiya. Akuyarmu ta haifi biyu. Rijiyar unguwa ta rufta. Kawu ya sake rigima da maƙwabci a kan iyakar gona. Mijinta ya sayi raƙumi mai tari, yana ta rantsuwa wai ƙoshi ne. Daga nan sai gaisuwa: ita, mijinta, kawu, har maƙwabcin da ake rigimar da shi. In na tambayi Inna, ya ce tana lafiya. In na ce ba ta ce komai ba, ya hau gyaran igiyar jaki.

Shekara biyu muna haka. Na ɗinka wa Inna takalma da fatar da ta fi kowace kyau a rumfata, amsar da ta dawo ita ce wai ƙanwata ta ce sun yi daidai. Ni ba godiya nake nema ba. A gaishe shi kawai nake so in ji ta ce, ko sau ɗaya.

Bayan kaka haushi ya kai mini iya wuya. Na ce wa dattijon daga yau ba ni da saƙo, in an tambaye shi ya ce bai gan ni ba. Ya ce shi da furfurarsa ba zai yi ƙarya ba, amma zai daina biyowa ta rumfata. Ya kuwa cika maganarsa. Lissafina shi ne, in shiru ya yi yawa dole Inna ta buɗe baki. Wauta ta hana ni tuna cewa a shekarar ana kwasar maza aikin hanya, kuma ba duka ke dawowa ba.

Tsakiyar bazara, ina ɗinka wa wani Buzu salkar ruwa, sai ga ƙanwata a kan jaki da goyo a baya, leɓenta duk ya tsage, kwana biyu tana hanya. Ta dube ni sama da ƙasa, ko gaisuwa babu.

“Ashe da ranka, Yaya.”

Na fara kawo dalilina, ta katse ni. Ta ce duk ranar da mai kanwa ya zo, Inna takan jawo turmi kusa da darni ta hau daka, ko babu abin dakawa sai ta nemo. In ana labarin kasuwa tana ta daka. Da an ambaci Tanut sai taɓarya ta tsaya, ba ta sake sauka sai an gama. Wata huɗu ke nan taɓaryar ba ta tsaya ba, Inna ta rame, tuwo ma sai da lallashi.

Na ce to me ya hana ta tambaya?

“Ta tambaya mana. Cewa ta yi kanwa ta ƙare a gida, kuma ta Tanut ta fi kyau. Ga kanwa cike da kwando a ɗakinta.”

Na rufe rumfa na bi ta gida. Ina shiga Inna ta ɗago, ta gan ni, ta mai da kanta kan ƙwaryar da take wankewa. Ta ce wa ƙanwata a ba baƙo ruwa. Kwana huɗu na yi, abin da na samu ke nan. Na dawo Tanut ina jin kunyar abin da na yi, amma ba zan ɓoye ba, haushin bai tafi ba. Har Inna ta koma ga Allah gaisuwar nan ba ta zo ba, kuma har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Yanzu 'yata ta fari tana aure a Damagaram. Ƙaninta ke kawo wa uwarsu labarinta, ni kuwa ina gefe da basilla ina ɗinki kamar ba na ji. Ranar nan ya ce mini, Baba, kullum aka zo kan Yaya sai ɗinkinka ya tsaya, in ce kana gaishe ta?

Na ce ya miƙo mini fatar can.