Mota Mai Kujera Ɗaya

Ni ne babba a ɗakinmu. Tufafi nake sayarwa a kasuwar Sakkwato, kuma abin da na sani na ƙarfe bai wuce almakashi da allura ba. Ƙanena ne ya kama aikin gyaran mota a garejin wani kamfani mai gina hanya, a shekarun nan kafin yaƙin Turawa na biyu, lokacin da in mota ta wuce sai yara su bi ta da gudu har bakin ganuwa.

Maigidansa wani Bature ne ɗan Italiya, gajere, mai surutun tsiya, wanda ya taɓa aiki a inda ake ƙera motocin tsere a ƙasarsu. Shi ya juya mana kan yaro. Duk Juma'ar da ƙanena ya zo gida a Ƙofar Rini, sai ya tsuguna a tsakar gida da tsinke yana zane a ƙasa. Wai injin motocin nan silinda takwas ne a jere. Wai akwai wani abu a gefensa mai cusa masa iska kamar zugazugin maƙeri, don ya ci mai da yawa ya yi ƙarfi. Wai har ƙarfen da ke ɗauke da motar hudawa ake yi ramuka ramuka don a rage nauyi. Ni dai da rabin kunne nake sauraro, don a ganina mutumin da ke huda ƙarfe mai lafiya ruƙiyya yake bukata.

Wata rana ya ce mini Baturen ya bar masa wata matacciyar mota da kamfani ya yar, kuma su biyu suna tayar da ita bayan tashi daga aiki. Na ji daɗi ƙwarai, na kai wa Baba labari da ɗuminsa.

Baba manomin shinkafa ne. Gwiwoyinsa sun riga sun gaji, ko jaki ba ya iya hawa, damina ta wuce masa bai ga gonarsa ta fadama ba sai dai 'yan ƙodago su ba shi labari. Bai taɓa shiga mota ba. Washegarin da ya ji maganar na iske yana gaya wa abokansa a ƙofar masallaci cewa ɗansa zai kai shi ya ga shinkafarsa kafin a yanke. Har ya yi wa liman da wani tsohon marini alkawarin za su tafi tare. Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka. Mutumin da ba ya fariya da komai, wannan kaɗai ya yi fariya da shi.

Ranar da aka sa za a kawo motar, da hantsi, Baba ya sa rigarsa ta Salla, ya naɗa rawani, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Dattawa suka zauna. Tun daga nesa muka ji ƙara kamar ana yaga sabon yadi, kaji suka watse, sai ga ta.

Ja ce wur, doguwa, siririya. Ba rufi, ba ƙofa, tayoyi a waje tsirara, bayanta ya tsuke ya yi tsini kamar kwalekwale. A tsakiya akwai rami guda, ƙanena na ciki har wuya da wani tabarau a goshi. Na zagaya ta ina neman inda mutum zai zauna. Na sake zagayawa. 

Ya yi tsalle ya fito, ya durƙusa ya gaida dattawa, fuskarsa cike da murna. Liman ya leƙa ramin ya ce, "Yaro, ina mu ka zamna?"

Maimakon ya yi shiru, sai ya buɗe baki. "Ai Malam, wagga ba irin waɗanda kunka sani ba ta. Can da, kujera biyu anka yi masu, ta direba da ta makanike. Sai masu ƙira sunka ga nauyi na, sunka hidda guda, sunka aza direba tsakiya. Har sandar da ka juya ƙahwahun baya raba ta sunka yi biyu don kujera ta sauka ƙasa. Mu ba mu samu yin wannan ba, amma sauran kujerun duk mun hidda su."

Ya ci gaba, yana nuna ramukan da ya huda da hannunsa, yana shafa wutsiyar da ya buga da gwangwanin kananzir. Aikin kam ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Amma ni da ƙasa za ta tsage da na shige. Baba na tsaye a kan sandarsa cikin babbar riga, marinin ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, matasa a baya sun fara ƙyafta wa juna ido. Na matsa na daka wa ƙanena tsawa a kunne, na gaya masa abin da Baba ya yi wa mutane alkawari. Sai a lokacin ya dubi tsohon. Na ga murnar ta zube daga fuskarsa, ya ce a hankali, "Yaya, ba wanda yag gaya min."

Ba wanda ya san abin yi. Ba a ɗora dattijo a kan wutsiyar gwangwani, kuma Baba bai iya tuƙi ba. Shi ne ya raba gardama. Ya miƙa wa liman sandarsa ya ce, "Ku kama ni." Muka ɗaga shi, muka zura ƙafafunsa cikin ramin, muka tattara rigar muka cusa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce, "To, ku tura."

Muka tura, ni da ƙanena, inji a kashe. Motar da aka ƙera don ta tsere wa iska ta bi lungunmu a hankali, wata akuya ma ta wuce mu. Baba yana ɗaga wa mutane hannu yana amsa gaisuwa kamar abin da ya shirya ke nan. Zufa da kunya suka rufe mini ido, ban iya duban kowa ba. A ƙarshen lungu tayoyin gaba suka nutse cikin rairayi, muka tsaya. Fadama na can nesa, ko hangen ta ba a yi.

Baba na nan cikin ramin. Ya shafa gefen motar, ya dubi dama, ya dubi hagu inda ba kowa. Sannan ya kira ƙanena kusa, ya yi magana ƙasa ƙasa don kada jama'a su ji.

"Aikinka ya yi kyau, ɗana. Amma shi wanda yaf fara ƙera wagga, ba shi da uba na?"