Ɗibar Sawu a Kara

Jami'a ce ta haɗa mu, ba shiri ba. Aka ce daga yanzu bincike sai sassa sun haɗa kai, sai aka tura ni, malamar al'adu 'yar Kabo, tare da wani malamin kimiyyar ƙasa da wata likita, mu gano abin da ke kumbura ƙafafun manoma a wani ƙauye na Kara. Malamin ɗan birni ne, kullum tsaf kamar ango. Tun a mota ya yanka mini aikina: "Hajiya, ke dai ki gaisa da mutane, mu za mu yi binciken."

Da muka isa na shiga gidan wani dattijo neman izini. Gaisuwarmu ba a yi mata gaggawa, sai an tambayi gida da gajiya da damina da mai jiki. Mai jikin matarsa ce, ƙafarta ta yi kamar turmi. Duk gidan sun haƙiƙance sawunta aka ɗiba, wato an kwashi ƙasar da ta taka an yi mata sammu. Ina jin haka na miƙe da sauri, don na bar malamin a waje da ɗan shebur ɗinsa da ledoji.

Ban kai zaure ba na ji ihu. Ashe ya gaji da jira, ya tsuguna a ƙofar gida, daidai inda babban ɗan dattijon ya taka, ya kwashi ƙasa ya ƙulle a leda.

"Ga shi nan! Ya gama da Inna, ya dawo kaina!" in ji ɗan.

Kafin malamin ya buɗe baki an sheme shi. Masu dawowa daga gona suka rufe shi da ƙotar fartanya, ba wanda ya tambayi ba'asi. Ya ɗaga hannun dama yana kare kansa, ledar na riƙe, sai suka koma kan hannun. Wani ya take shi a kan dakali ya maka masa ƙota. Da kunnena na ji ƙashi ya ce ƙas. Jini ya wanke farar rigarsa, ya fara kiran mahaifiyarsa.

Na kutsa na faɗa kansa, duka ɗaya ya sauka a gadon bayana har numfashina ya ɗauke.

"Baba, ka tsawatar! Baƙona ne! Auna ƙasar za a yi don a samo wa Inna magani!"

Dattijon da ya biyo bayana ya daka tsawa, suka ja baya suna huci. Likita ta yage mayafinta ta ɗaure hannun, muka kwashe shi sai asibiti a Gwarzo. A hanya kuka nake don haushi: haushin masu dukan, haushinsa, da haushin waɗanda suka ɗauka cusa mutum uku a mota ɗaya shi ne haɗin kai.

An ceci hannun, amma yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Bayan ya warke, da ƙafarsa ya zo ofishina ya roƙi mu riƙa koyar da ɗalibansa tare. Yanzu ni nake fara darasin, shi ya ɗora. Idan an zo rubutu a allo, sai ya miƙo mini alli da hagu. Sunayen sinadaransa har yau kuskure nake yi, ɗalibai su yi ta dariya. Shi ba ya dariya. Yana tsaye a gefe yana faɗa mini harafi bayan harafi, hannun dama a cikin aljihu.