Man Shanun da Nake Ɗura wa Hadiza

"Mi kake ba ta?" lokotoron asibiti ya tambaye ni, yana latsa ƙafar Hadiza. Inda yatsansa ya taɓa, sai rami ya zauna.

Shekarar babban fari ce. Daga Damana na saɓo ɗiyar tawa a kafaɗa har asibitin Filinge. Shekararta biyu, zawo ya ƙi tsayawa.

Na ce, "Man shanu, lokotoro. Cokali-cokali nake ɗura mata don ta yi jiki."

Ya ce, "Malam, ka taɓa feɗe akuya? Ka san maɗaciyar nan da kake yankewa ka yar?"

"Na san ta."

"Ruwanta ke narkar da mai a ciki. In ya gama aiki, hanji shi tsotse shi, shi maida ma hanta. To yunwa ta cinye hanjin ɗiyarka. Ruwan shi wuce, man shi wuce, duk su koma zawo."

Ashe da hannuna nake ƙara mata ciwo!

Madara tsararo suka fara ba ta, kaɗan-kaɗan, kamar ana kiwon ɗan tsako. Ran kwana tara ta ja mini riga ta ce, "Baba, hura."

Yau da hantsi Hadizar nan ta ɗora mini jikanta na fari a cinya. Na daɗe ina kallonta, bakina ya kasa komai sai Allahu Akbar.

Ku da kuka ga shekarun nan, wa kuka fidda rai da shi, Allah ya bar muku?