Malafar Sojan da Ta Yi Mini Kaɗan

Ni ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari da iyakar ƙarfinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. In tana so in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa wancan tuwo na hucewa," alhali ga ni zaune a gabanta. Mahaifina kuwa ba a ma tayar da zancensa. An ɗebe shi soja zuwa yaƙin Bama ina ciki, bai dawo ba. Babu gawa, babu hoto, babu ko tsohuwar riga. Kakata da ta raine ni ta rasu kafin in yi wayon tambaya, danginsa makiyaya ne sun yi gaba da shanunsu, Inna ta sake aure a Farin Dutse. Na girma har na zama malamin firamare a Gwaram ban san ko mutumin nan dogo ne ko gajere ba. Wallahi abin yana cina.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, ana ta buɗe makarantu, wata Laraba da kaka sai ga mota daga wani gidan tarihi na Kano. Wani siririn mutum mai tabarau ya sauko da akwatin ƙarfe, ya ce kayan sojojin Bama ne, ya zo nuna wa yara. Hedimasta ya daka tsawa, kowa ya maida hannunsa baya. Mai tabarau ya ce, "A'a, Malam, ai don su taɓa na kawo."

Kai, ka ga murna! Wannan ya rataya butar ruwa ta ƙarfe, wancan ya zura ƙafa biyu cikin takalmi ɗaya, ana ta ƙwanƙwasa kwanon cin abinci. Adda ce kaɗai ya hana. Daga ƙarshe ya fito da wata malafa ta kaki mai faɗin baki, gefe ɗaya a naɗe, duk zufa ta rina cikinta. Wata yarinya mai tsaurin ido ta ce, "Malam ya sa!" Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Na sa. Ta ƙi shiga, ta tsaya can bisa kamar an kifa wa tulu faifai. Yara suka bushe da dariya har da masu faɗuwa. Dama na san sunan da suke kirana a bayan idona, kuma na san kan nan nawa ne ya jawo mini.

Ranar ban yi fushi ba. Warin malafar ne ya tsaya mini a hanci, warin mutum da rana. Wani ya sa ta a can, watakila ma sun ci abinci a kwano ɗaya da mahaifina.

Da aka tashi na ce wa mai tabarau ya ara mini ita. Ya ce kayan gwamnati ne. Na ce, "Uban nawa da gwamnatin ta ara fa, ta dawo da shi?" Na faɗa da ƙarfi, na sani, har hedimasta ya leƙo. Mutumin ya cire tabarau ya goge. Ya ce bayan la'asar za su wuce Birnin Kudu, kada in sa shi jira.

Na ɗaure ta a bayan babur na kama hanyar Farin Dutse. Na tarar da Inna da ƙanwata a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Na gaida su, ƙanwata ta amsa. Na ajiye malafar a bakin tabarma na ce, "Ki gaya wa Inna, irin wannan sojojin Bama suka sa."

Inna ta ci gaba da ɓara, ƙas, ƙas, ƙas. Na zauna ina kallon inuwar rumbu tana matsowa. Raina ya fara ɓaci, na ce a zuciyata yau ma haka zan koma. Har na dafa ƙasa zan tashi sai ta karkaɗe ɓawo daga cinyarta, ta goge hannu a zane, ta ɗauki malafar. Ta juya ta, ta buɗe yatsu ta auna bakinta ta ciki, sau biyu.

Ta ce wa ƙanwata, "Wannan ba za ta shige shi ba. Tasa ma da ya zo sallama da ita, a bisa ta tsaya. Yana ta danna ta, ni ina ta dariya. Ina da na sani da ban yi dariyar nan ba."

Ta ajiye malafar, ta ɗebi gyaɗa. Sannan ta ɗago, ta dube ni, ni ɗin nan, ba bango ba, ba ƙanwata ba.

"Ai kansa ne wancan ya ɗauko," in ji ta. Ta sunkuya ta koma ɓara.

Shi ke nan. Ba ta ƙara ba, ranar ko bayanta, har Allah ya karɓi ranta. A hanya sai da na tsaya gindin wata tsamiya, don hawaye sun hana ni ganin gabana. Na isa an idar da la'asar, mai tabarau yana jingine da mota. Ya dubi fuskata, ya karɓi kayansa ya mayar cikin akwati.

Yau na tsufa, na ninka shekarun mahaifina. Har yanzu ban san tsayinsa ba, ban san muryarsa ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. A da in na je kasuwar Gwaram mai hula ya gwada mini biyar ko ɗaya ba ta shiga ba, faɗa nake yi da shi. Yanzu na daina. Nakan bar shi ya yi ta dannawa, yana cewa, "Haba Baba, wannan kai a ina ka samo shi?" Ni kuwa ina jan lokaci, don ya sake tambaya, in sake cewa na mahaifina ne.